Kasimov, Garin da Mosko Ta Naɗa wa Sarki Musulmi

Gabas da Mosko, tafiyar kimanin kilomita 300, akwai wani gari a kan tudu a gaɓar kogin Oka, dajin Meshchera mai dogayen itatuwa da fadamu yana bayansa. Sunansa Kasimov, yana cikin lardin Riyazan, mutanensa kuwa ba su cika dubu talatin ba. Ko a cikin Rasha ba kowa ne zai nuna maka shi a taswira ba. Amma wannan gari ya yi shekara 229, daga 1452 zuwa 1681, yana matsayin fadar wata masarautar Musulmi a tsakiyar ƙasar Kiristocin Otodoks, da sarkinta da fadawanta da malamanta. Sarakunan Mosko ne suka kafa ta da hannunsu, su ne kuma suka naɗe tabarmarta ranar da suka ga ta gama musu aiki.

Abin da ya ja hankalina a tarihin garin shi ne kusan duk wani tashi ko faɗuwa da ya taɓa yi, a wani wuri aka yanke shawararsa. Mutanen garin sai dai su wayi gari su tarar an sauya musu hanya, su sake neman abin yi. Sun kuwa yi ta samu har sau da yawa, kuma a nan ne suka burge ni.

Garin ya girmi masarautar. Ana danganta kafuwarsa ga Yuri Dolgoruki a 1152, mutumin da ake danganta kafuwar Mosko kanta gare shi, kuma a lokacin Gorodets ake ce masa. Mayaƙan Tatar sun ƙone shi a 1376, aka sake gina shi a kusa. Labarin da ya ba shi suna ya faro ne a 1445, lokacin da 'ya'yan Ulug Muhammad, sarkin da ya kafa daular Kazan, suka ci Vasili na Biyu na Mosko da yaƙi a kusa da Suzdal, suka kama shi da rai. An sake shi bisa alkawarin fansa mai nauyi. Da ya koma gida, ɗan baffansa Dimitri Shemyaka ya ƙwace sarautar, ya sa aka ƙwaƙule masa idanu, yana zarginsa da jawo Tatar cikin ƙasa. Cikin waɗanda suka tsaya wa makahon sarkin har ya koma kan gadonsa akwai Ƙasim, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ulug Muhammad ɗin nan. A 1452 aka ba shi Gorodets da ƙasar da ke kewaye, daga baya garin ya ɗauki sunansa.

Har yau masana tarihi ba su daidaita ba a kan ko ladan biyayya ne aka ba Ƙasim, ko kuwa wani ɓangare ne na fansar da aka tilasta wa Mosko. Masu ra'ayi na biyu suna kafa hujja da cewa tsoffin yarjejeniyoyin sarakunan Rasha sun ambaci kuɗin da ake biya wa masu mulkin wannan gari. Ko ma dai wanne ne, da tafiya ta yi nisa Mosko ce ta ci ribar abin. Ta samu garkuwa a iyakarta ta gabas, ta samu dakarun doki da ke bin ta yaƙi, ta kuma samu gidan ajiye 'ya'yan sarauta jikokin Janghis Khan, waɗanda za ta iya ɗauko ɗaya ta ɗora a gadon Kazan duk lokacin da dama ta samu.

Babu wanda wannan ajiya ta bayyana a rayuwarsa kamar Shah Ali. Sau uku Mosko tana ɗora shi a gadon Kazan, a 1519 da 1546 da 1551, kuma ko sau ɗaya bai zauna daram ba, domin mutanen Kazan sun san ko yaron wane ne. Yana cikin rundunar sarkin Mosko Ivan Mai Ban Tsoro lokacin da aka tafi cin Kazan a 1552, kuma shi ya ja rundunar Rasha zuwa Liboniya a bakin tekun Baltik a 1558. Sarauniyar Kazan, Suyumbike, wadda har yau wata hasumiya a Kazan take ɗauke da sunanta, an raba ta da ɗanta ƙarami, aka yi wa yaron baftisma a Mosko, ita kuma aka aurar da ita ga Shah Ali ba da son ranta ba, ta ƙare kwanakinta a Kasimov. Tatar ɗin Kazan da yawa suna ɗaukar Shah Ali maci amana, kuma ban ga yadda za a wanke shi daga hannun da ya sa a rushewar daular 'yan'uwansa ba. Duk da haka Musulmi ya rayu, Musulmi ya mutu a 1567, a fadar da barin addini yake buɗe wa mutum kowace ƙofa.

Hubbaren da ya gina a 1555 yana nan tsaye. Gini ne gajere mai kusurwa huɗu, na farin dutse sassaƙaƙƙe, babu wani ado na a zo a gani. A saman ƙofa akwai allon dutse da rubutun Larabci mai ɗauke da sunan wanda ya gina da shekarar Hijira. Ciki ɗaki biyu ne: babba inda duwatsun kaburbura suke, da ƙarami inda ake zama a yi wa mamatan karatun Alƙur'ani. Wasu suna kyautata zaton wani kabari marar suna a ciki na Suyumbike ne. 'Yan taku kaɗan daga nan hasumiyar masallacin sarki take, zagayayya, mai kauri, ita ma ta farin dutse, da matakala mai murɗewa a cikinta wadda mutum ɗaya kawai take ɗauka a lokaci guda. Wasu sun ce tun 1467 take, zamanin Ƙasim, wasu sun ce Shah Ali ne ya gina ta. Wanda ya hau samanta zai ga kogin Oka da ƙubbobin coci-coci na garin a ƙasansa.

Masarautar tana da wani amfani kuma, na diflomasiyya. A 1570, da jakadan Ivan, Novosiltsev, ya je Santambul wajen Sarkin Musulmi Salim na Biyu, wanda ke ƙorafin ana takura wa Musulmi a ƙasar da Rasha ta ci, Kasimov ya nuna a matsayin shaida: ga sarki Musulmi yana mulki a ƙarƙashin ubangidana, ga masallatai ana salla. Sarkin da ake magana a kansa shi ne Sain Bulat. Shekara uku bayan haka ya karɓi Kiristanci, ya koma Simiyon Bekbulatovich, kuma nan take ya rasa gadon Kasimov, domin a lokacin Mosko tana bukatar Musulmi a kan wannan kujera. A 1575 Ivan ya yi abin da har yau ake ta fassara: ya sauka, ya ɗora Simiyon a gadon Mosko na kusan shekara guda, sannan ya karɓe abinsa ya tura shi Tver. Simiyon ya makance a ƙarshen rayuwarsa, aka tilasta masa shiga gidan ruhubanawa, ya mutu a 1616.

A riƙe wannan a zuci, sannan a dubi abin da ya faru shekara tamanin bayan baftismar Sain Bulat. A 1636 wani Bajamushe matafiyi, Adam Olearius, ya biyo kogin Oka ya wuce ta Kasimov, ya rubuta cewa yaro ne a kan sarauta, Sayyid Burhan, kuma ana lallashinsa ya bar addininsa. A lokacin akwai gwamnan Mosko zaune a garin, yana lura da shige da ficen fada, har baƙi ba sa ganin sarki sai da izininsa. Duk wanda ya san yadda Razdan yake zama a gefen sarki zamanin Turawa zai gane wannan tsari. A cikin shekarun 1650 Sayyid Burhan ya yi baftisma, ya koma Vasili, kuma aka bar shi a kan gadonsa. Kazan da Astrakhan sun daɗe da faɗuwa, iyaka ta yi nisa zuwa Sibiriya, babu sauran wanda ake son a burge da sarki Musulmi. Bayan mutuwarsa aka bar wa mahaifiyarsa Fatima Sultan, tsohuwa, sunan sarautar. Da ta rasu a 1681 ba a naɗa kowa ba.

Kafin a kai nan garin ya bar wa duniya littafi guda mai daraja. A 1602 Ƙadir Ali Bek, bafaden sarki Uraz Muhammad, ya rubuta tarihin sarakunan zuriyar Janghis Khan da harshen Turkanci na yankin, kuma Kazakawa suna ji da shi har gobe, domin Uraz Muhammad ɗan sarautarsu ne.

Abin da ya biyo bayan 1681 ya yi wa manyan Tatar tsanani. Dokar Sarki Bitrus Mai Girma ta 1713 ta ce duk Musulmin da ke da gandu da manoma Kiristoci a ƙarƙashinsa, ko dai ya yi baftisma cikin wata shida ko a ƙwace. A 1718 aka ɗora wa Tatar masu aikin soja aikin saran manyan itatuwa da jan su don gina jiragen ruwan yaƙi. Masallacin sarki ma an rushe shi a farkon wannan ƙarni, hasumiya kaɗai ta tsira. Wasu gidajen sarauta sun zaɓi gandu, suka narke cikin manyan Rasha. Waɗanda suka zaɓi addini suka rasa ƙasa, suka sauka daga kan doki suka shiga kasuwa.

A nan ne nake ganin mafi kyawun babin garin. Jikokin barade suka zama fatake da majema. Suna da abu biyu da ɗan kasuwa Barashe ba shi da su, wato harshe da salla. A Orenburg, a filayen makiyayan Kazak, a Bukhara da Tashkent, mutumin Kasimov yana iya zama ya yi ciniki ba tafinta, ya bi jam'i da abokin cinikinsa, ya ci yankansa. Sarauniya Katarina ta Biyu ta gane amfanin wannan, ta sassauta. A 1768 aka ba da izinin sake gina masallacin a jikin tsohuwar hasumiya, aka ƙara masa bene a 1835, a 1788 kuma aka kafa majalisar malaman Musulmi ta daular, mai mazauni a Ufa. Babbar hajar fataken Kasimov ita ce fata: ƙiraga, fatun tumaki, da fatun 'yan raguna masu nannaɗaɗɗen gashi waɗanda ake ɗinka huluna da wuyan rigunan sanyi da su. A ƙasar da hunturu ke cin kusan rabin shekara, mai fatar tunkiya ba ya rasa mai saye. Ana kawo su ɗanye daga gabas, a jeme a garin, a loda a jirgi a gangara da su kogin Oka zuwa inda ya haɗu da kogin Bolga, wato Nizhni Novgorod, inda babbar kasuwar shekara-shekara ta daular ta riƙa ci daga 1817.

Kada a ɗauka garin na Tatar ne kaɗai. A ƙarni na 19 Rashawa ne mafi yawa, kuma attajiransu ne suka gina tsakiyar garin da ake gani yau. Wani magini ɗan garin, Ivan Gagin, wanda ya koya wa kansa sana'ar, shi ya tsara dogayen rumfunan kasuwa masu ginshiƙai a babban dandali da gidajen attajirai da dama. Kusa da garin, a Gus Zhelezni, gidan Batashov suna da masana'antar narka ƙarfe. Kwaruruka sun raba garin unguwa-unguwa, Tatar a tudunsu, Rashawa a nasu, ana haɗuwa a kasuwa da bakin kogi, inda matalauta ke ɗaura igiya a ƙirji suna jan kwale-kwalen kaya a kan gaɓa kafin zuwan jirage masu tururi. Zama ne na kowa ya san matsayinsa, coci tana sama a idon hukuma, masallaci yana rayuwa da izini. Amma an yi ƙarnoni ana kiran salla ana kaɗa ƙararrawa a gari ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Turai ta wancan zamani.

Sai jirgin ƙasa ya zo, ya bi ta wani wuri. Layin Mosko zuwa Riyazan ya buɗe a shekarun 1860, wanda ya zarce Kazan a shekarun 1890 kuma ya bi ta kudu, ya bar Kasimov da koginta. Kogi yana daskarewa da hunturu, dogo kuwa ba ruwansa da ƙanƙara, don haka kaya suka koma dogo, manyan 'yan kasuwa suka bi kayansu. Reshen da aka kawo daga baya ma a ƙetaren kogi ya tsaya, nesa da gari.

Abin da talakawan Tatar na ƙauyukan Kasimov suka yi a wannan lokaci ya cancanci a tsaya a kansa. Sun tafi cin rani Fitasbag da Mosko, suka kama sana'ar da ba wanda zai zata: kai abinci teburi a manyan gidajen cin abinci na masu hannu da shuni. Masu gidajen sun fi son su saboda ba sa shan giya, ga tsabta, ga riƙon amana. Ka ƙaddara saurayi ɗan ƙauye, sanye da baƙar kwat da farar riga, yana tsiyaya wa hafsoshi da 'ya'yan sarauta abin da shi bai taɓa kai wa bakinsa ba, yana haddace sunayen abinci da Faransanci, yana ƙirga 'yan kuɗin da aka bar masa a faranti don ya aika gida. Malami zai iya tambayar halaccin wannan aiki, kuma tambaya ce mai tushe. Ni dai abin da nake gani shi ne mutanen da ƙasar noma ta yi wa kaɗan, suka ratsa tsakiyar abin da addininsu ya hana ba tare da sun bar addinin ba. Suna tafiya ƙungiya-ƙungiya, babba ya ɗauko ƙaninsa ko ɗan maƙwabci ya koya masa, kowa yana tsaron sunan garinsu. Da suka yi ƙarfi sai suka riƙa karɓar kwangilar ɗakunan cin abinci na tashoshin jirgin ƙasa a sassan daular. Dogon da ya guje wa garinsu, sai ga su suna cin abinci a kansa.

Kuɗin nan sun yi aiki. Jama'ar Kasimov mazauna Fitasbag ne suka ɗauko Ataulla Bayazitov, ɗan yankinsu, ya zama limaminsu. Shi ya kafa jaridar Nur a 1905, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko da harshen Tatar, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya har aka aza harsashin babban masallacin birnin a 1910. Babban masallacin Mosko na 1904, Salih Yerzin ne ya biya kuɗin gininsa, attajiri ɗan ƙauyen Azeyevo na wannan yanki. A Kasimov kanta an gina sabon masallaci na jan bulo a 1906.

Juyin juya halin 1917 ya yanke wannan duka. Aka ƙwace dukiyar attajirai, aka rufe masallatai da mafi yawan coci-coci, masallacin sarki ya koma gidan tarihi. Asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta rubutu. A ƙarshen shekarun 1920 aka raba Tatar da haruffan Larabci aka ba su na Latin, a 1939 aka sake sauya musu zuwa na Rasha. Cikin shekara goma sha biyu aka wayi gari jika ba ya iya karanta wasiƙar kakansa, balle abin da aka rubuta a dutsen kabarinsa.

Gwamnatin Sobiyet ta kawo nata alherin, kuma zalunci ne a ɓoye shi: karatu ga kowa, asibiti, aikin albashi a masana'antar saƙa ragar kamun kifi da ta sarrafa fatun tumaki. Daga baya aka kawo manyan abubuwa biyu. A shekarun 1970 aka fara ajiye iskar gas a ƙarƙashin ƙasa kusa da garin, a rumbun da yake cikin mafi girma a duniya, wanda ake ɗura wa gas da bazara a ja da hunturu don ɗumama Mosko da kewayenta. A ƙarshen zamanin Sobiyet kuma aka gina matatar Priokski, inda ake tace zinariya da azurfa. Ayyuka ne na gaske, iyalai da yawa da su suke ci. Sai dai zinariyar daga nesa take zuwa, nesa kuma take komawa, gas ɗin ma haka. Garin ya koma mai gadin dukiyar da ba tasa ba, wanda a ganina bai yi nisa da aikin da aka ba Ƙasim ba.

Ƙidaya ta nuna inda aka dosa. A 1989 mutanen garin sun haura 37,000, a 2010 sun sauko wajen 33,500, a 2021 kuma ba su kai 29,000 ba. Yanzu hukumomin garin sun sa rai ga 'yan yawon buɗe ido. Rashin dogo da rashin kuɗi sun hana a rushe tsohon garin a gina sabo, don haka rumfunan Gagin da gidajen attajirai suna nan, wasu an yi musu fenti, wasu suna zubewa. A 2015 aka sanya Kasimov cikin jerin tsoffin garuruwan da ake kira Zoben Zinariya. Akwai gidan tarihi na samobar, tukunyar shayin nan ta ƙarfe mai murhu a cikinta, akwai na ƙararrawa, jiragen 'yan shaƙatawa suna tsayawa idan ruwan Oka ya isa. A 2013 aka mayar wa Musulmi masallacin sarki. Da bazara ana bikin Sabantuy, ana kokawar ɗamara, gwani ya tafi da rago.

Na yi murna da dawowar masallacin ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne tarihin Tatar ya zama babbar hajar da garin ke tallatawa a daidai lokacin da Tatar ɗin kansu suka zama 'yan tsiraru ƙwarai a cikinsa. Karin harshensu, wanda masana suka tabbatar ya bambanta da na Kazan, ya rage a bakin tsofaffi a 'yan ƙauyuka, jikokinsu kuwa Rashanci suke yi. Dutse zai iya jiran kuɗin gyara shekara ashirin, tsohuwa mai shekara tamanin da biyar ba za ta jira ba, kuma abin da ake kashewa wajen fentin gida ɗaya zai isa a zauna da irinta a naɗi maganarta da tatsuniyoyinta da addu'o'inta.

Matasan garin, Rashawa da Tatar, har yanzu suna tafiya Riyazan da Mosko neman aiki kamar kakanninsu. Waɗancan sun bar mata da 'ya'ya a ƙauye, suna dawowa da abin da suka tara su gina gida da makaranta, a kuma binne su a maƙabartar garinsu. Na yanzu da iyalansu suke tafiya, su ci bashin banki su sayi ɗaki a bene a gefen babban birni, gidan gado kuma a sayar wa mutumin Mosko da ke son wurin hutun bazara a bakin kogi.